Muryar Baba da Ƙugin Injin Niƙa

Shagona na gyaran rediyo yana bakin kasuwar Bodinga, bango ɗaya ya raba ni da mai injin niƙa. Ba zaɓar wurin na yi ba, shi na samu. Idan maƙwabcin nawa ya tayar da injinsa, 'yan kusoshin da nake zubawa a murfin gwangwani sai su kama tafiya da kansu a kan tebur. Shekarar farko na yi ta mita, har ya daina amsa gaisuwata da daɗi. Daga baya kunnena ya saba, sai injin ya tsaya ne ma nake tuna cewa ɗazu yana aiki.

A lokacin mulki yana hannun farar hula, kaya kuma ba su fara wuya ba. Duk wanda ya sayar da albasarsa da daraja sai ka gan shi ya nufi tasha da rediyo mai kaset a kafaɗa, yana tafiya yana waiwaye ko an gan shi. Ni kuwa na fito daga makarantar koyon sana'a a Sakkwato da takarda ɗaya da girman kai mai yawa. Ban da gyara, akwai wani aikin da yake kawo mini mutane, wato wasiƙar kaset. Mutanenmu da dama suna da 'yan'uwa a Makka da Jidda da Sudan, kuma ko wanda ya iya ajami ya fi son a ji bakinsa. Sai mutum ya zo ranar kasuwa ya zauna a benci, in danna masa jan maɓallin ɗaukar magana, ya yi ta gaisuwa, ya ba da labarin damina, da wanda ya rasu, da wadda ta haihu. Idan ya gama a nemi maniyyaci a ba shi ya kai.

Yayana, ɗan farin gidanmu, tela ne a Jidda, ya yi shekara shida bai zo ba. Baba kuwa manomi ne a Horo Birni, gero da dawa da damina, albasa da rani. Ba mai yawan magana ba ne, kuma muryarsa tana da kauri ƙwarai, irin wadda idan ya yi magana a zaure kana jingine da bango sai ka ji ta a bayanka. Yana da wata ɗabi'a da duk gidanmu muka tashi da ita. Yakan yi wani gurnani a ƙirji, baki a rufe, ba kalma ba ce, ba kuma tari ba. Idan ya ja shi ya yi tsawo ya sauka a hankali, to ya ji daɗi. Idan ya datse shi gajere, kowa ya shiga taitayinsa. Ban taɓa jin ya ce wa Inna tuwo ya yi daɗi ba, ko ya ce mata sannu da aiki. Dogon gurnanin nan shi ne duk yabon da take samu, kuma daga bayan danga take jin sa.

Wata ranar kasuwa ya shigo shagona bayan azahar, ya ce zai aika wa yayana magana. Na yi mamaki, don ya sha cewa bai ga dalilin da babban mutum zai zauna yana yi wa akwati surutu ba. Na share masa benci, na fasa sabon kaset daga ledarsa. Injin niƙa yana ta aiki, ranar kasuwa ce, ba ya hutawa. Na ce bari in roƙi maƙwabcina ya kashe na ɗan lokaci. Baba ya leƙa waje, ya ga mata sun jera kwanoninsu har bakin hanya.

"Bar su," in ji shi. "Tuwon mutane ya hi maganata sauri. Nan ni ka magana?"

Na ce nan ne, na nuna masa 'yan ramukan da ke jikin rediyon, na danna. Ya yi sallama kamar yana ƙofar gidan wani. Ni kuma na koma kan wata rediyo da mai ita yake jira a waje, na sa kai cikinta, don ba na son in tsaya a kan Baba yana magana da ɗansa. Ya yi kamar minti ashirin. Da ya gama na fitar da kaset ɗin, na ɓalle ɗan kunnen da ke gindinsa. Haka muke yi wa kowace wasiƙa, don idan aka ɓalle shi jan maɓalli ba ya dannuwa, ba a iya ɗora wata magana a kai.

Wani ɗan kasuwar hatsi na garin Shagari ne zai kai, sai kujerarsa ta hajji ba ta samu ba a shekarar. Aka ce a bari sai baɗi. Kafin baɗin, bayan an kai gero rumbu, Baba ya kwanta da zazzaɓi kwana huɗu ya rasu. Yayana ya samu labari ta wasiƙar takarda. Kaset ya zauna a ƙasan akwatin kayan aikina, ban aika ba, ban kuma saurara ba.

Cikin shekara biyun da suka biyo baya abubuwa suka tsuke. Soja suka karɓi mulki, aka rufe iyakoki, sabulu da madara suka koma sai da layi. Mu masu gyara muka daina ganin sababbin kayan aiki. Matacciyar rediyo ta zama dukiya, nakan kwance ta in cire duk abin da ke da sauran rai in adana a gwangwanin madara. Sabon kaset kuwa ya ɓace daga kasuwa. Mutane suka koma ɗora wa'azi a kan waƙa, su ɗora waƙa a kan wa'azin, har zaren ya gaji ya tsinke.

Ana cikin haka na je gida wata Juma'a. Inna tana sussukar gero, ba ta ɗago ba ta ce mini:

"An ce mani akwai maganar Malam wurinka, cikin akwati."

Malam take ce masa, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kamar yadda ba ta faɗin na yayana. Na ce haka ne, wadda ya yi wa na Jidda ce, ba ta samu tafiya ba.

"Ina son in ji shi," in ji ta.

Na ce Juma'a ta sama zan kawo mata. Mu ba mu da hotonsa, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Ban da buzunsa da tasbaha da gatari, kaset ɗin nan shi ne abin da ya rage wanda ke ɗauke da shi kansa, kuma guda ɗaya ne a duniya.

Da na koma Bodinga na sa shi a rediyo, sai na dafe kai. Injin niƙa ne ya cika ko'ina, bub-bub-bub, yana girgiza lasifika. Daga sama kuma shuuu ɗin kaset, da ƙarar bel ɗin injin yana tsuwwa. Baba yana can tsakiya, kamar mai magana daga cikin rijiya. Kalma uku ka ji, biyu su nutse. Kunya ta kama ni, har da haushi. Ni da ake kawo wa rediyo daga Lambara da Shagari, ni da na yi makaranta, in ɗauki wannan in kai wa uwata? Na ce wallahi sai na gyara shi.

Na san yadda ake yi, an koya mana. Kowace ƙara kaɗawa ce. Ƙara mai kauri tana kaɗawa a hankali, sau hamsin ko ɗari a sakan ɗaya. Siririyar ƙara, irin shuuu ɗin kaset, tana kaɗawa sau dubbai. Abin da kunne yake buƙata don ya gane kalma yana tsakiya, daga wajen ɗari uku zuwa dubu uku, haka aka rubuta mana a allo, haka na kwafa. Abubuwa biyu ake haɗawa a raba su. Akwai kafasita, ɗan abin nan mai ƙafa biyu da ke tara wuta ya sake ta. Shi yana da son kai, ƙara mai saurin kaɗawa yakan ba ta hanya, mai nawa ya tare ta. Akwai kuma rizisto, mai zobban launi a jiki, wanda ba sani ba sabo, kowa ya zo zai rage masa ƙarfi daidai da na kowa.

Idan ka sa kafasita a kan hanyar ƙara, rizisto ya sauka zuwa ƙasa, masu kauri sun tsaya, sirara sun wuce. Idan ka juya su, rizisto a hanya, kafasita ya sauka ƙasa, sai sirara su bi kafasita su zube, masu kauri su wuce. Ka jera biyun ɗaya bayan ɗaya, na tsakiya ne kaɗai zai fita. Inna ma tana yin irin wannan idan tana son tsaki, rariya ɗaya ta tare manyan ɓarzajje, ɗaya ta zubar da gari, abin da ya rage tsakani shi ne nata. Inda iyakar take kuwa lissafi ne mai sauƙi. Ka ninka girman rizisto da na kafasita, ka ninka da shida da 'yan kai, ka raba ɗaya da abin da ka samu. Ƙaramin kafasita yana ɗaga iyaka sama, babba yana saukar da ita.

Na zazzage gwangwanayena a tebur. Na sami rizisto mai zoben ruwan ƙasa da baƙi da ruwan lemo, wato dubu goma, da kafasitan da lissafi ya ce zai sa iyakar ƙasa a ɗari uku da wani abu. Na haɗa na sama a wajen dubu uku. Ba wuta a ranar, kamar kullum, sai na ɗora ƙarfen liƙi a garwashi, na ja rediyo biyu da batirin mota. Na liƙa komai a jikin wani ɗan katako, na ɗauko waya daga rediyo ta farko ta bi ta cikinsa ta shiga ta biyu.

Shuuu ɗin ya ragu nan da nan, tsuwwar bel ma ta yi nisa. Injin kuwa yana nan daram, ya dai ɗan ja baya. Nan na tuna abin da malaminmu ya nanata mana, ni kuma na ɗauka na jarrabawa ne kawai. Iyakar nan ba bango ba ce, gangara ce. A kan iyakar ma kashi bakwai cikin goma na ƙarfin yana wucewa. Idan ka sauka ƙasa da ita, duk lokacin da kaɗawa ta ragu da rabi, abin da ke wucewa ya ragu da kusan rabi ne kawai. Ke nan ƙugin da ke kaɗawa sau ɗari, kusan sulusinsa yana tsallakewa. Sulusin injin niƙa kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

To, na ce ni da kai. Na ƙara kafasita da rizisto na biyu a bayan na farko, don sulusin nan ma a sake raba shi uku. Na ƙara na uku. Kowane ƙari yana cin ƙarfin maganar ma, sai in ƙara murɗa rediyo ta biyu. Duk da haka akwai sauran bugu a ƙasa, don injin ba ƙara ɗaya yake yi ba, yana da 'ya'ya, masu kaɗawa ninki biyu da ninki uku na uwar. Sai na fara cire kafasitocin ina sa ƙanana, iyaka ta hau ɗari biyar, ta wuce. Kwana uku ina wannan aiki, da hantsi kafin maƙwabcina ya tayar da injinsa. Na mayar da masu rediyo biyu ban duba musu ba. Duk sanda na ɗaga iyakar sai kalmomi su ƙara fitowa fes, ni kuma kaina ya ƙara kumbura.

Rana ta uku na kira maƙwabcin nawa ya zo ya ji yadda na kori injinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa da garin dawa har a gira, ya saurara.

"Kai!" in ji shi. "Wanga aiki! Awa mai karanta labarai gidan rediyo."

Na ji daɗin maganar nan har cikin raina. Sau ɗaya ya taɓa ganin Baba, bai san muryarsa ba. Ni na san ta, amma kwana uku na yi ina farautar kalmomi, ban tsaya na tambayi kaina ko wa ke faɗin su ba. Na dai lura da wasu 'yan wurare da maganar take yankewa, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Na ce ai tsabtar aiki ce, da can ƙugi ne ya cike wuraren.

Saura in ɗauki gyararriyar maganar a wani kaset. Guda ɗaya gare ni na gwaji, zarensa ya tsinke an ƙulla ya fi sau biyar. Na ɗauka a kansa, ta hau, amma ba abin da za a bar wa tsohuwa ba ne, ko sau uku ba zai juya ba zai sake tsinkewa. Na zaga Bodinga ban sami sabo ba. Na je Shagari ranar kasuwarsu, babu. Na ba wani direba saƙo zuwa Sakkwato, ya dawo hannu rabbana. Ga Juma'a ta matso, na kuma riga na yi alkawari.

A sana'armu abin da aka ba ka shi kake mayarwa, gyararre. Ba ka ba mutum tsohuwar wayar da ka cire, zubarwa kake yi. Na dubi kaset ɗin Baba, mai kyau ne, sau ɗaya aka taɓa ɗauka a kansa. Na ce me za a yi da ƙugin injin? Na yago takarda na dunƙule, na cusa a ramin kunnen da ni da hannuna na ɓalle shekara biyu da suka wuce. Jan maɓalli ya dannu. Zan so in ce hannuna ya yi jinkiri, amma bai yi ba. Na mayar da gyararriyar a kan ta asali daga farko har ƙarshe, na kuma ɗora gwajin wata rediyo a kan ƙullallen kaset ɗin nawa washegari.

Na isa Horo Birni da hantsi, rediyo a ɗaure a bayan keke, da sababbin batura huɗu da na daɗe ina ɓoyo. Na tarar Inna ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta yafa mayafin da take fita unguwa da shi. Ta sallami kowa, ta ce su je maƙwabta. Muka gaisa, ta tambayi iyalina. Na ajiye rediyon a gabanta na danna, na ja baya na zauna ina jiran a yaba mini.

Sallamar Baba ta fito tar, ba ƙugi, ba shuuu. Ya gai da yayana, ya tambayi aiki, ya ce damina ta yi kyau ban da gonar tudu, ya ce albasa ta yi arha bana. Ya lissafa waɗanda suka rasu a unguwa. Sannan ya ce, "Innarka na nan." Sai shiru na ɗan lokaci. Sai ya ci gaba da maganar rijiyar da ta rufta.

"Tsai da shi," in ji Inna.

Na tsayar.

"Wa na wanga?"

Na yi 'yar dariya, na ce Baba ne mana, Inna.

"Magana dai tashi ta, na ji gonar tudu, na ji rijiya. Amma wanga ba Malam na ba. Wagga murya tai siriri, awa ta yaron kanti. Ina ƙirjinai? Ina gurnanin?"

A nan ne na gane mene ne shirun nan. Kaurin muryar Baba yana can ƙasa, wajen ɗari, gida ɗaya da injin niƙa. Gurnaninsa kuwa, da yake baki a rufe yake yin sa, kusan dukansa a can yake, ba shi da wani abin kirki a sama da zai tsira da shi. Kafasita bai san Baba ba, bai san injin ba, yawan kaɗawa kawai ya sani. Duk matakin da na ƙara don in kori ɗaya, da ɗayan yake tafiya.

Na fara yi mata bayani, cewa akwai ƙarar injin da ta rufe maganar, na sha wahala kafin na fitar da ita. Ta saurare ni har na gama, kamar yadda take sauraron mai tallan magani.

"To, Allah shi yi ma albarka, ka wahala," in ji ta. "Yanzu sa mani wancan, mai ƙarar. Shi ni ka so."

Sannan na faɗa mata cewa babu wancan, a kansa na ɗora wannan. Ba ta gane ba da farko, ta ce ai sai in ɗauke na saman, na ƙasan ya fito. Na ce ba ya yiwuwa, idan sabo ya hau, tsohon ya gogu. Ta dubi rediyon, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce in ci abinci kafin in kama hanya, ta tashi ta cire mayafin ta ninke shi.

Ban haƙura nan da nan ba. Na koma shago na juya haɗin, na yi wanda zai danne na sama ya bar na ƙasa, na murɗa ƙarfi har ƙarshe, ko ɗan abin da ya tsallake zai farfaɗo. A lissafi akwai saura, kashi biyu ko uku cikin ɗari, wataƙila ma bai kai ba. Amma ya bi ta kaset biyu, ɗaya ma rubabbe, kuma kowane kaset yana da nasa datti da ya fi wannan saura ƙarfi. Da na kai wurin da ya ce Innarka na nan, na kara kunnena a lasifika. Gunjin rediyon kanta na ji, da gurzar zare. Na mayar na sake ya fi sau ashirin, har na ji tsoron kada in tsinka wannan ma. Haɗin nan ragewa kawai ya iya, ba ya mayar da abin da ya zubar.

Bayan kamar wata biyu Inna ta zo Bodinga a duba mata ido, na kai ta, muka biyo ta shago don ta huta kafin mota ta cika. Ba ta taɓa shiga shagon ba. Ta zauna a bencin, ta dudduba gwangwanaye da wayoyi. Ba mu daɗe ba maƙwabcina ya tayar da injinsa, kusoshi suka kama tafiyarsu a kan tebur. Na miƙe zan je in ce ya kashe, ta ɗaga mini hannu. Ta zauna tana saurare, kanta a ɗan karkace.

"Wanga na ƙugin da kah hidda?"

Na ce shi ne.

"Wanga kaɗai?" in ji ta. "Shekara arba'in ina jin mutumen ga cikin daka, da kukan awaki, da ihun ɗiya, da ruwan sama bisa kwano. Wanga na zai hana ni jin shi?"

Ta buɗe ƙullin gefen zanenta ta fito da kaset ɗin, don na mayar mata da shi bayan na haƙura, ta ajiye a kan tebur. Ta ce in nemi mai tafiya in aika wa na Jidda, tun asali nasa ne, shi maganar za ta yi wa amfani. Sannan ta shafa bencin da tafin hannunta.

"Nan yaz zamna?"

Na ce nan, daidai inda take.

"Kai kuma kana ina?"

Na nuna mata kujerata, taku biyu tsakani.

"To kai ka ji shi ke nan," in ji ta, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. "Da yac ce ina nan, sai da yay yi gurnani, na sani, ga wurin nan an bari. Wanne yay yi? Dogon, ko gajeren?"

Ƙarya ɗaya ce, ba wanda zai taɓa kama ni da ita, kuma na san wadda take so. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga yadda take kallona. Matar da ta gane ba mijinta ba ne a cikin minti biyar ba za ta kasa gane ɗanta ba.

Na ce, "Ban ji ba, Inna. Ina gyaran rediyon wani."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ɗauki ledar maganin idonta, ta ce mu tafi kada mota ta cika ta bar ta. Kaset ɗin ya isa Jidda a shekarar, yayana ya rubuto cewa ya ji kowace kalma, ya kuma yaba da aikina. Inna ta yi shekara tara bayan haka, ba ta sake tambayata komai a kan maganar ba.